Ƙugiyar da Babu Fom ɗin da Ya Tambaye Ta: Nazarin Gobarar Camp da Rahotannin Kamfanin PG&E

Da ƙarfe 6:15 na safiyar Alhamis, 8 ga Nuwamba 2018, na'urorin kamfanin wutar lantarki na PG&E suka nuna cewa wuta ta ɗauke a wani babban layi da ake kira Caribou-Palermo, mai ɗaukar kilobolt 115, a kwazazzabon Kogin Feather da ke arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka. Da 6:33 aka sanar da 'yan kwana-kwana cewa an hangi wuta tana cin daji kusa da ƙauyen Pulga. Minti 18 ne kacal tsakanin abu na farko da na biyu. Iska mai ƙarfi tana kaɗawa daga gabas, ciyawa ta bushe ƙamas saboda ruwan kaka bai sauka ba, kuma kafin hantsi wutar ta shiga garin Paradise mai mutum sama da 26,000.

Sai ranar 25 ga watan aka shawo kanta. Mutum 85 suka rasu, akasarinsu tsofaffi, wasu a cikin gidajensu, wasu a cikin motoci a kan hanyar gudu. Gine-gine 18,804 suka ƙone, haka ma fili eka 153,336. An sa mata suna Gobarar Camp saboda wata hanya da ke kusa da inda ta tashi, kuma ita ce gobarar daji da ta fi kowace kisa a tarihin jihar.

Wannan nazari ya karkata ne ga takardu: me kamfanin ya faɗa wa hukuma, yaushe ya faɗa, me doka ta tilasta masa ya faɗa, sannan me ya sani tun shekaru amma babu wata doka da ta ce ya kawo. Ni dai abin da na gani shi ne, tsarin kai rahoto ya yi aikin da aka tsara masa bayan an mutu, amma an gina shi yadda ba zai iya jin abin da ke shirin kashe mutane ba.

Abin da doka ta ce a kawo

Hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta, gas da ruwa masu zaman kansu a Kalifoniya ita ce ake kira CPUC a taƙaice. Ƙa'idarta game da haɗurran lantarki, kamar yadda aka gyara ta a 2008, a fili take. Idan haɗari ya auku, kamfani zai sanar da ma'aikatan hukumar cikin awa 2 idan lokacin aiki ne, ko awa 4 idan an tashi daga aiki. Bayan haka yana da kwanakin aiki 20 ya kawo cikakken bayani a rubuce. Haɗarin da ya cancanci rahoto kuwa iri uku ne: wanda aka yi asarar rai ko aka ji raunin da ya kai a kwantar da mutum a asibiti, wanda ɓarnar dukiyarsa ta haura dala 50,000, da wanda ya ja hankalin jama'a ko kafafen watsa labarai sosai.

Akwai wani ɗan sharaɗi a cikin ƙa'idar da ya cancanci yabo. Game da asarar rai da jan hankalin jama'a, ba sai an tabbatar cewa kayan kamfanin ne suka jawo abin ba. Ko zargi ake yi, dole ne a kai rahoto. Wanda ya rubuta wannan ya san halin kamfanoni. Da an bar su sai sun gamsu cewa laifinsu ne, da lauyoyi sun riƙe takardar har shekara ta zagayo.

A matakin tarayya ma akwai nasu. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka tana da fom da a lokacin ake kira OE-417, wanda ake cikewa idan, alal misali, masu amfani da wuta sama da 50,000 suka zauna babu wuta na awa ɗaya ko fiye. Duk shekara kuma kamfanoni suna miƙa alƙaluman da ke nuna sau nawa aka ɗauke wa mutum wuta da kuma minti nawa ya yi a duhu, waɗanda injiniyoyi ke kira SAIFI da SAIDI. Tun 2014 hukumar CPUC ta ƙara da cewa manyan kamfanoni su riƙa kawo lissafin duk wutar da kayansu suka tayar, muddin ta ci fiye da mita ɗaya daga inda ta kama. Daga tsakiyar 2014 zuwa ƙarshen 2017, PG&E kaɗai ya lissafa irin waɗannan gobara sama da 1,500.

Kenan ba a rasa takardu ba, kuma ba a rasa fom ba.

Takardu uku

A ranar da gobarar ta tashi, PG&E ya aika wa hukumar rahoton farko. Gajere ne ƙwarai, bai wuce 'yan layuka ba. Ya ce da misalin 6:15 wuta ta ɗauke a layin Caribou-Palermo a gundumar Butte, kuma da rana ma'aikatansa da suka yi shawagi ta sama sun ga lalacewa a jikin wata hasumiyar ƙarfe, kimanin mil ɗaya arewa maso gabas da Pulga, a yankin da gobarar take. Ya rufe da cewa bayanin na wucin gadi ne.

Rahoton bai ce mu muka tayar da wutar ba, bai kuma ce ba mu ba ne. Lokaci ya bayar da wuri, ya yi shiru. Amma duk wanda ya ɗora 6:15 kusa da 6:33 ya gane inda aka dosa. 'Yan jarida sun gane, lauyoyin waɗanda suka rasa gidaje sun gane, masu hannun jari ma sun gane. A ranar 13 ga Nuwamba kamfanin ya sanar da hukumar kula da kasuwar hannun jari cewa ya kwashe duk bashin da bankuna suka ware masa, kuma idan aka same shi da alhaki, abin da zai biya zai iya zarce inshorarsa ta kusan dala biliyan 1.4. Cikin mako guda darajar hannun jarinsa ta zube da kusan rabi.

A nan ne amfanin rahoton gaggawa yake, kuma bai kamata a raina shi ba. Takardar da aka rubuta cikin awanni, kafin a zauna taro a daidaita baki, tana ɗaure kamfani da gaskiyar da na'urorinsa suka rubuta. Daga ranar PG&E ba shi da damar cewa bai san komai game da layin ba. Masu binciken hukumar kashe gobarar daji ta jihar, wato Cal Fire, sun killace hasumiyar tun kafin a taɓa wani abu a jikinta.

Rahoto na biyu bai zo ba sai ranar 16 ga Nuwamba, kwana 8 bayan faruwar abin da yake bayani a kai. Ya ce da 6:45 na safiyar ranar gobarar, wuta ta ɗauke a wani ƙaramin layin rarraba wuta mai kilobolt 12, Big Bend 1101, a yankin Concow, inda ake zargin wata wutar ta biyu ta tashi. Daga baya masu binciken CPUC sun lissafa wannan jinkiri cikin laifuffukan kamfanin. Nan ne raunin farko na ƙa'idar ya bayyana: an ce awa 2, amma kamfanin ne da kansa yake yanke hukuncin cewa abin da ya faru ya kai matsayin haɗarin da za a kai rahotonsa. Agogon ba ya fara tafiya sai wanda ake tuhuma ya danna shi.

Na uku shi ne cikakken bayanin da ya iso ranar 11 ga Disamba. A cikinsa ne aka fara ambaton ƙugiya. Kamfanin ya ce lokacin da yake taimaka wa Cal Fire tattara shaida a hasumiya mai lamba 27/222, an ga wata ƙugiyar ƙarfe ta karye, an ga alamar zaizaya a inda take maƙale, an kuma ga tabon tartsatsin wuta a jikin hasumiyar. A wannan takarda dai ya faɗi cewa a layin Concow ma'aikacinsa ya tarar da turken wuta a ƙasa da ramukan harsashi a jikinsa, kuma an ga itatuwa sun faɗo kan wayoyi. Duka biyun gaskiya ne, amma mai karatu ya lura da yadda ake jera gaskiya: kowane bayani da zai iya nuna hannun wani daban yana samun gurbi. Da Cal Fire ta fitar da sakamakonta ranar 15 ga Mayu 2019, ta ce babban layin PG&E ne ya tayar da wutar farko a Pulga, ta biyun kuma ta tashi ne daga itatuwa da suka taɓa wayoyin kamfanin.

Akwai dalilin da ya sa harshen waɗannan rahotanni yake taka-tsantsan haka. A dokar Kalifoniya, idan kayan kamfanin wuta suka jawo ɓarnar dukiya, ana iya ɗora masa diyya ko da ba a same shi da sakaci ba. Saboda haka kowace kalma a rahoton tana iya zama biliyoyin daloli, kuma injiniyan da ya rubuta ta ba shi ne na ƙarshe da zai karanta ta ba kafin ta fita.

Ƙugiyar kanta

Ga yadda abin yake a kusa. A saman hasumiyar akwai hannun ƙarfe mai huda. A cikin hudar aka rataya ƙugiya mai lanƙwasa, ƙugiyar tana riƙe da jerin kwanukan tangaran, su kuma suna riƙe da wayar da wuta ke bi, don kada ta kusanci ƙarfen hasumiyar. Duk lokacin da iska ta kaɗa, nauyin nan yana lilo, ƙarfe yana gugar ƙarfe. A kwazazzabon Feather iska ba ta hutawa. Shekara bayan shekara ƙugiyar tana cinyewa a wuri ɗaya, hudar ma tana tsawo, har abin da ya rage na kaurin ƙugiyar ya kasa ɗaukar nauyin. Da ta karye a safiyar nan, wayar ta faɗo ta bugi jikin hasumiyar, wuta ta yi tsalle, narkakken ƙarfe ya zubo cikin busasshiyar ciyawa.

An kunna wannan layi ne a 1921. Wani kamfani mai suna Great Western Power ya gina shi, PG&E ya gaje shi a 1930. Ƙugiyar ta kusa shekara ɗari tana lilo a wurin.

Yanzu a ɗauki sharuɗɗa ukun nan na kai rahoton haɗari a gwada su a kanta kwana ɗaya kafin gobarar. Ba ta kashe kowa ba, ba ta kwantar da kowa a asibiti ba. Ba ta lalata dukiyar dala 50,000 ba. Babu jaridar da ta san da ita. A alƙaluman ɗauke wuta na shekara ma ba ta fito ba, domin har zuwa 6:14 layin yana ba da wuta lafiya lau. A ma'aunin da hukuma take auna kamfani da shi, layin da ya rage minti ɗaya ya hallaka gari daidai yake da sabon layi. Nan gizo yake saƙar. Duk fom ɗin da ake da su suna tambayar abin da ya riga ya faru ne, babu wanda ke tambayar abin da ya kusa faruwa.

Ba wai babu alamu ba. A Disamban 2012 guguwa ta kayar da hasumiya 5 a kan wannan layi. Jaridar Wall Street Journal ta bankaɗo a 2019 cewa kamfanin ya shaida wa hukumomin tarayya tun 2013 cewa zai yi wa layin babban gyara, amma aka yi ta ɗage aikin. Ta kuma fito da wani bayanin cikin gida na 2017 inda kamfanin ya ƙiyasta cewa matsakaicin shekarun hasumiyoyinsa 68 ne, alhali tsawon rayuwar da ake sa ran za su yi 65 ne, mafi tsufa a cikinsu kuma sun kai 108. Rahoton da ofishin mai gabatar da ƙara na gundumar Butte, Mike Ramsey, ya fitar a 2020 ya nuna cewa ɗakin gwaje-gwajen kamfanin ya taɓa ganin irin wannan zaizaya a kayan wasu layukan tun kafin gobarar. Sanin yana nan, a cikin durowar kamfanin. Abin da babu shi ne hanyar da za ta tilasta masa ya fito daga durowar ya isa teburin hukuma.

Duba daga nesa

Za a ce ai akwai binciken layi da ake yi lokaci-lokaci. Akwai shi, kuma takardunsa sun cika. Matsalar ita ce yadda ake yin sa. Ga ƙananan layukan cikin gari, umarnin hukumar mai lamba 165 ya ƙayyade bayan shekara nawa za a duba kowane turke. Ga manyan layuka kuwa, cewa ya yi kowane kamfani ya rubuta tsarin bincikensa ya bi shi. Wato wanda za a bincika shi ne ya tsara jarrabawar.

PG&E yana duba layin Caribou-Palermo daga ƙasa, ko daga jirgi mai saukar ungulu da ke wucewa. Ƙugiya ƙaramar aba ce da ke can sama, kuma wurin da take cinyewa yana ɓoye a cikin hudar da take rataye. Mutumin da ke tsaye a gindin hasumiya, ko wanda ke leƙowa ta tagar jirgi, zai ga waya a sama, tangaran a wurinsa, ya rubuta cewa babu matsala, kuma bai yi ƙarya ba. Sai wanda ya hau ya kai fuskarsa kusa zai ga ramin. Sashen tsaro na CPUC, a rahotonsa da ya fito fili a Disamban 2019, ya gano cewa babu shaidar an hau wannan hasumiya an duba ta tun aƙalla 2001. Ya lissafa laifuffuka 12, ya samu wata ƙugiyar da ta zaizaye sosai a wata hasumiyar ta layin, ya kuma ce abin ba kuskuren rana ɗaya ba ne, gazawa ce da ta ratsa tsarin kamfanin.

Wannan rahoto yana da kyau, amma dole a yi wa hukumar tambayar da ita ma ta yi wa kamfanin. Shekara 17 ba a hau hasumiya ba, kuma sai bayan mutuwar mutum 85 hukumar ta san haka. Duk tsawon lokacin tana karɓar takardun da ke cewa an yi bincike. Takarda takan nuna cewa an je wurin, ba ta nuna cewa an ga abin da ya kamata a gani. Hukumar da ba ta da isassun injiniyoyin da za su zaɓi hasumiya goma ba tare da sanarwa ba, su sa a hau a gabansu, su kwatanta abin da idonsu ya gani da abin da ke cikin fayil, to ma'ajiyar takardu ce kawai, komai yawan dokokinta. Gani ya kori ji.

Abin da ya ƙara nauyin wannan zargi shi ne, PG&E ba kamfanin da ya cancanci a yarda da takardunsa ido rufe ba ne, kuma hukumar ta fi kowa sani. A ranar 9 ga Satumba 2010 bututun gas ɗinsa ya fashe a garin San Bruno na jihar ya kashe mutum 8. Bayanan kamfanin sun ce bututun ba shi da ɗinki, alhali yana da walda, kuma a waldar ya fashe. CPUC ta ci shi tarar dala biliyan 1.6 a 2015. A 2016 kotun tarayya ta same shi da manyan laifuffuka 6, ciki har da yi wa binciken gwamnati zagon ƙasa, aka sa shi ƙarƙashin sa idon kotu na shekara 5 daga 2017. A Disamban 2018, wata guda bayan Gobarar Camp, hukumar ta buɗe wani bincike kan zargin cewa daga 2012 zuwa 2017 kamfanin ya riƙa jirkita bayanan aikin gano bututun ƙarƙashin ƙasa da sa musu alama kafin masu haƙa su fara aiki. A Janairun 2019 kuma alƙali William Alsup ya yanke cewa kamfanin ya karya sharaɗin sa idon, saboda bai sanar da jami'in kotu yadda ya kamata ba game da sasantawar da ya yi da gundumar Butte kan wata gobarar 2017. Kamfanin da tarihinsa ke nan, shi aka bar wa amanar rubuta wa kansa shaidar lafiya.

Wani rahoto ya cancanci a ambata a gurguje. Kwana biyu kafin gobarar, PG&E ya gargaɗi kimanin mutum 70,000 da ke sayen wutarsa cewa zai iya kashe wutar da gangan saboda iska, amma bai kashe ba. Ƙa'idar da hukumar ta kafa a Yulin 2018 ta wajabta bayani ko da an fasa kashewar, kuma kamfanin ya kawo, yana cewa yanayin bai kai mizaninsa ba. Ko da ya kashe ma, tsarin nasa a lokacin bai haɗa da manyan layuka irin Caribou-Palermo ba.

Hisabi

Shugabar kamfanin, Geisha Williams, ta sauka a Janairun 2019. Ranar 29 ga watan kamfanin ya nemi kariyar kotu a matsayin wanda bashi ya durƙusar, yana hasashen diyyar gobarar 2017 da 2018 za ta iya haura dala biliyan 30. An sasanta a kan dala biliyan 13.5 ga waɗanda gobarar ta shafa, rabi a kuɗi rabi a hannun jarin kamfanin, biliyan 11 ga kamfanonin inshora, biliyan 1 ga ƙananan hukumomi. A Mayun 2020 CPUC ta amince da hukuncin dala biliyan 1.937, wanda mafi yawansa kuɗin da aka hana kamfanin karɓa ne daga masu biyan kuɗin wuta.

Ranar 16 ga Yuni 2020, sabon shugaban kamfanin, Bill Johnson, ya tsaya a kotun gundumar Butte. Aka riƙa karanto sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya ana nuna hotunansu, yana amsa laifi a madadin kamfanin: tuhuma 84 ta kisa ba da niyya ba, kan 84 daga cikin mamata 85 ɗin, da ɗaya ta tayar da gobara. Tarar da doka ta ba da dama ba ta wuce kusan dala miliyan 3.5 ba, da wasu dubu 500 na kuɗin bincike. Babu wanda aka ɗaure. Duk wanda ya rasa uwa ko uba a Paradise yana da haƙƙin ya ga wannan adadi a matsayin cin fuska.

Abin da ya canza

Bayan gobarar kamfanin ya yi abin da ya kamata ya yi tun tuni: ya sa aka hau hasumiyoyi, aka tura jirage marasa matuƙi suka ɗauki hotuna a kusa. Cikin watanni aka gano dubban matsaloli, wasunsu na gyaran gaggawa. Ba a cikin watannin suka tsiro ba. An kashe layin Caribou-Palermo gaba ɗaya, ba a sake kunna shi ba.

A Yulin 2019 gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta kafa asusun dala biliyan 21 na biyan diyyar gobara, ta kuma kafa sashe na musamman da zai riƙa tantance shirin kowane kamfani na rage haɗarin gobara. A 2021 sashen ya zama ofis mai cin gashin kansa, a wajen CPUC. A ganina mafi muhimmancin sauyin shi ne irin tambayoyin da aka fara yi. Yanzu ana neman kamfani ya kawo lissafin wayoyin da suka tsinke ko da ba su tayar da wuta ba, yawan gyare-gyaren da aka gano ba a yi ba da tsawon lokacin da suka yi suna jira, da kuma irin binciken da aka yi wa kowane layi. Wannan shi ne rahoton da zai iya jin ƙugiya tun tana cinyewa. Harkar jiragen sama ta daɗe da gane cewa haɗarin da aka tsallake da ƙyar ya fi wanda ya auku koyarwa, domin ya fi yawa kuma babu gawa a cikinsa. Harkar wutar lantarki ta makara wajen koyon haka.

Sai dai irin wannan rahoto yana da nasa haɗarin. Kamfanin da ya duba da gaske zai fito da dubban matsaloli, wanda ya duba sama-sama zai fito fes. Idan hukuma ta ɗauki yawan matsalolin a matsayin laifi, ta koya wa kowa ya daina dubawa ke nan. Abin da ya kamata a hukunta shi ne ɓoyewa da barin gyara ya kwana, ba ganowa ba. Haka kuma ma'aikacin da ya hau hasumiya ya ga rami yana bukatar hanyar da maganarsa za ta isa hukuma ko da shugabansa yana tunanin kasafin kuɗi.

Batun agogo kuwa bai warware ba. Ranar 13 ga Yuli 2021, a wannan kwazazzabo na Kogin Feather dai, na'urorin PG&E suka nuna da misalin ƙarfe 7 na safe cewa wuta ta ɗauke a madatsar ruwa ta Cresta. Ma'aikacin da aka tura ya hango daga nesa cewa fiyus ya ƙone a wani layi mai kilobolt 12, amma saboda wuyar hanya da wata gada da aka rufe, bai isa turken ba sai wajen 4:40 na yamma. Ya tarar fiyus biyu cikin uku sun ƙone, itace ya jingina da waya, wuta tana ci a gindinsa. Ita ce ta zama Gobarar Dixie, wadda ta cinye eka sama da 963,000 ta kuma ƙone garin Greenville. Rahoton kamfanin ya isa hukumar ranar 18 ga Yuli, kwana 5 bayan ma'aikacinsa ya ga wutar da idonsa. Kwana uku bayan haka shugabar kamfanin, Patti Poppe, ta sanar da shirin binne wayoyi na tsawon mil 10,000 a ƙarƙashin ƙasa, kuma a Janairun 2024 CPUC ta amince da hukuncin dala miliyan 45 a kan wannan gobara.